Kaza Kan Dami: Kayan Koyarwar da Muke Takawa Kullum a Zamfara

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Tsafe, ta bi ta gindin Dutsen Kwatarkwashi, ta ratsa Gusau ta ɓulle Bungudu a ƙarshen kaka, zai ga kara jibge a gonaki dama da hagu. Wani a yi darni da shi, wani a kai wa dabbobi, wani ya tafi murhu, saura kuwa a cinna masa wuta idan lokacin sharar gona ya zo. A gefen wannan hanya kuma akwai makarantun firamare da malami ke shiga aji ba ya riƙe da komai sai guntun alli. Ya rubuta lissafi a allon bango, yara su yi ta maimaitawa da ƙarfi har a tashi. Idan aka tambayi dalili, amsar ba ta wuce cewa gwamnati ba ta kawo kayan koyarwa ba. Haka ne, ba ta kawo ba. To amma Bahaushe ya ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Aikina na malamin jami'a yana kai ni makarantun waɗannan ƙananan hukumomi uku, domin duba ɗalibanmu da ke gwajin koyarwa. Abin da shekarun wannan zagaye suka nuna mini shi ne, mafi yawan abin da yaron firamare ke buƙata ya gani ya taɓa domin ya fahimci karatu da lissafi da kimiyya yana nan zube a gonakinmu, da ɗakunan girkinmu, da kasuwanninmu. Masu iya sarrafa shi ma suna nan da ransu. Mu ne muka tsayar da su a bakin ƙofar makaranta.

Maganar ta fi muhimmanci a yanzu, domin yaran jihar nan sun yi asarar lokacin karatu mai yawa. Annobar korona ta rufe makarantu watanni a 2020. Sace 'yan matan Jangebe a ranar 26 ga Fabrairun 2021 ya sa aka rufe makarantun kwana, sannan sace ɗaliban Kaya ta Maradun a ranar 1 ga Satumban wannan shekara ya sa aka rufe makarantun jihar baki ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, littafin rubutu da fensir sun zama abin da magidanci ke lissafi kafin ya saya. Yaron da ya dawo aji bayan dogon zaman gida, ko wanda gudun hijira ya kawo Gusau daga ƙauyensu, ba ya da sauran lokacin da za a ɓata masa da haddar abin da bai gane ba.

Gadon da muka ajiye

Karatu da kayan gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar allo ta rayu ɗaruruwan shekaru a kansa. Masassaƙi ya sassaƙa allo, almajiri ya fiƙe alƙalaminsa daga kara ko gamba, ya dafa tawadarsa da zuge da ƙaro, baduku ya ɗinka gafaka. 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, kuma da irin waɗannan kaya masu neman ilimi na wancan zamani suka yi rubutunsu.

Haka yarintarmu ta kasance. Tsararrakina sun ƙera motar kara da ta langalanga, har da sitiyarin da ke juya tayoyin gaba. Mun yi tabarau na sille, mun yi shanun yumɓu, 'yan mata sun yi 'yar tsana sun ɗinka mata tufafi da ƙyallayen tela. Yaron da ya ƙera motar kara ya san dole tayoyinsa su zo daidai, kuma dole ya huda tsakiyarsu, in ba haka ba motar ta riƙa ɗingishi. Ya san da'ira da cibiyarta tun kafin wani ya faɗa masa sunansu. Ka shiga kasuwar Gusau yau, za ka tarar da masu ƙera fitila da mazurari daga gwangwanin madara, da masu yanka guga daga tsohon tif, da masu tufka igiya daga zaren buhu, da masu mayar da taya takalmi.

Ita kanta makarantar boko da aikin hannu ta shigo Arewa. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Har zuwa zamanin da muka yi firamare, akwai darasin aikin hannu, yaro ya saƙa igiya ko mafici ko ya ɗaure tsintsiya a ba shi maki. Sannu a hankali aka koma sayo tsintsiyar a kasuwa a kai wa malami. Daga baya ma aka huta da wahalar zuwa kasuwa, aka ce kowa ya kawo kuɗin aikin hannu. Ranar da aka fara karɓar kuɗi a madadin aiki, ranar muka koya wa yaro cewa maki abin saye ne, kuma aikin hannu wahala ce da mai kuɗi ke fansar kansa daga gare ta.

Mun kuma gwada ɗaya hanyar, ta sayo komai daga waje. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injinan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa ƙananan makarantun sakandare. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san kansu. Kayan da malami bai san yadda aka yi su ba, tsoronsu yake ji; ya gwammace ya kulle su kada su lalace a hannunsa.

Abin da kara ke iya koyarwa

Bari in ba da misali da lissafin ɗebewa, inda yara da yawa ke fara ƙin lissafi. An ce yaro ya cire 27 daga 52. An koya masa ya rera cewa bakwai ba ta fita daga biyu, sai mu aro ɗaya. Ka tambaye shi wurin wa aka aro, kuma me ya sa ɗayan da aka aro ya mayar da 2 ta zama 12 maimakon 3, sai ya yi shiru. Yanzu a yanka sille tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da zare ko yankin tif. A ajiye wa yaron ɗauri biyar da ƙwaya biyu, a ce ya ba abokinsa ashirin da bakwai. Zai duba ya ga ƙwayoyinsa ba su kai bakwai ba, da kansa zai kwance ɗauri ɗaya. Ya koma yana da ɗauri huɗu da ƙwaya goma sha biyu. Ya ba da ƙwaya bakwai da ɗauri biyu, ya rage da ɗauri biyu da ƙwaya biyar, wato 25. Babu wanda aka ara a wurinsa. Goma aka kwance. Na ga wata ɗalibarmu ta yi wannan a wata firamare ta ƙasar Bungudu, na kuma ga yaran da ke can baya suna tasowa suna rige-rigen kwance ɗauri. Gani ya kori ji.

Da wannan karan ake gina siffofi. A tsaga ɓawonsa a yi tsinke, a yi mahaɗa da totuwa. Yara su haɗa mai kusurwa huɗu su danna shi, su ga ya karkace. Su haɗa mai kusurwa uku su danna, su ga ya tsaya kyam. Daga nan malami ya nuna musu katakon rufin ajinsu, su ƙirga kusurwa uku nawa kafinta ya yi a ciki. Marafan kwalba da aka huda aka zura a wayar tayar keke sun zama abin ƙidaya. Kwalin da aka yanka faɗin faifai, aka raba biyu, aka raba huɗu, ya bayyana rabi da kwata fiye da dogon bayani. Ledar ruwan sha ta santilita 50 guda biyu sun nuna wa yaro mene ne lita.

A fannin karatu, abin da malami ya yi da hannunsa ya fi na kasuwa dacewa da mu. Allunan baƙaƙen da ake sayarwa na Turanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu 'y a cikinsu, alhali da su Bahaushe ke bambanta kara da ƙara, da bari da ɓari. A samo kwalin sabulu ko na taliya a wurin mai shago, a yanka faɗin tafin hannu, a rubuta gaɓa ɗaya a kowane yanki. Da kati uku kacal, ka da ra da tu, yaro zai haɗa kara, ya juya ya sami raka, ya haɗa tura, ya jera duka ukun ya ga karatu. Wanda bai da littafin rubutu kuwa, faranti da rairayi sun ishe shi koyon zana baƙi, ya shafe ya sake har hannunsa ya faɗa.

Kimiyya ma tana madafi. Ruwan zoɓo yana nuna bambancin abu mai tsami da abu mai kanwa: a ɗiga masa lemon tsami jansa ya ƙara haske, a ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka ya rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Aikin da takardar gwaji ke yi ke nan a ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aunin ruwan sama kuma gorar roba ce mai miƙaƙƙen jiki. A yanke samanta a kifa shi ciki ya zama mazurari, a zuba tsakuwa da ruwa a gindinta har inda jikin ya daidaita, a manna ma'auni daga nan. Yara su riƙa rubuta abin da ya sauka kowace safiya daga farkon damina zuwa ƙarshenta. A jihar da ke alfahari da noma, ɗan manomin da ya iya auna ruwan shekara ya riƙe abin da zai yi masa amfani har tsufa. Sanda ɗaya da aka kafa a filin makaranta, ana alamta bakin inuwarta kowace sa'a, ta koyar da gabas da yamma da tafiyar lokaci. Da irin wannan lura da inuwa malamanmu suka san shigar azahar da la'asar kafin agogo ya yawaita. Da yumɓu kuma yara za su gina taswirar yankinsu a ƙasa, su tayar da Dutsen Kwatarkwashi, su ja Gulbin Sakkwato ya bi ta Gusau da Bungudu, su zuba ruwa su ga ina ya nufa.

A cikin gida

Dabarar da ta fi burge ni a wannan fanni ta wani malami ce daga Jigawa, Mohammed Bah Abba. Ya sanya ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da tattasai da gauta da kan lalace cikin 'yan kwanaki sukan kai makonni. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sharaɗinta shi ne a riƙa jiƙa rairayin safe da yamma, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, kuma ta fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska ta bushe. Maginan tukwane muna da su, rairayi kuwa gulbi ya tara mana.

Akwai wasu ƙananan dabaru. Galan da aka huda kusa da bakinsa, aka rataye a sanda, aka ɗaura masa igiya zuwa wani itace da ake takawa da ƙafa, ya zama wurin wanke hannu mai tsimin ruwa, a ƙofar makewayi ta gida ko ta makaranta. Tsohon buhu da aka cika da ƙasa da taki ya zama lambun alayyafo ko yakuwa a tsakar gidan haya, ana ba shi ruwan alwala. Buhun shinkafa, idan tela ya sa masa hannu da zif, ya zama jakar makaranta mai jure ruwan sama. Ƙyallayen da tela ke sharewa, uwa ta haɗa su ta yi shimfiɗar da yaro zai zauna a kai a ajin da babu benci. Amfanin wannan ya wuce kuɗin da aka tsimanta. Yaron da ya ga uwarsa ta mayar da buhu jaka yana tasowa da tunanin cewa matsala abar warwarewa ce.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada wani ya ɗauka wannan dabarar matalauta ce da ƙasashen da suka ci gaba ba su sani ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, makarantun Turai da Asiya da yawa sun rushe, ɗakunan gwajinsu sun ƙone. Sai hukumar UNESCO ta sa wani malamin kimiyya na Landan, J. P. Stephenson, ya rubuta ɗan littafi domin malaman ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, yana nuna yadda za a yi gwaje-gwaje da gwangwani da kwalba da waya. An faɗaɗa shi a 1956, aka fassara shi cikin harsuna da dama. A Indiya kuma, injiniya Arvind Gupta ya bar aikin kamfanin motoci ya duƙufa kan koya wa yara kimiyya da abin da aka zubar, ya soma da tsinken ashana da siririyar robar bawul ɗin keke, har ƙasarsa ta karrama shi da lambar Padma Shri a 2018. Su ma wuya ce ta koya musu, kuma ba su jira ta wuce ba kafin su koyar da 'ya'yansu.

Hattara da guba

A nan dole in ja kunne, domin Zamfara ta san illar guba fiye da kowa. A 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Saboda haka ba kowane abin da aka tsinta ne ya cancanci hannun yaro ba. Kada a ɗebo yumɓu ko rairayi daga inda ake niƙa ko wanke ma'adinai. Kada a fasa batirin mota ko na sola, dalma ce a cikinsa. Tsohuwar al'adar fasa batirin rediyo a shafe allon bango da baƙinsa, a bar ta. Gawayi ya wadatar. Robar maganin feshi ko ta maganin ciyawa ba ta zama abin wasa ko mazubin ruwa, ko sau nawa aka wanke ta. Sharar asibiti kada a kusance ta. Gwangwani kuma babba ne zai yanka shi, ya lanƙwashe bakinsa. Idan an yi matatar ruwa ta tsakuwa da rairayi da gawayi a aji, a faɗa wa yara ƙarara cewa tana cire dauɗa ne kawai, ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Sai an tafasa ruwan kafin a sha.

Gwamnati ba ta kuɓuta ba

Na san wasu abokan aikina za su ce irin wannan magana tana ba hukuma mafaka, ta ce malamai su yi ta maneji da kara. Tsoronsu yana da tushe. Kara ba ya zama rufin aji, ba ya zama albashi, ba ya tsare makaranta daga 'yan bindiga, kuma ɗalibin babbar sakandare da zai zauna jarrabawar kimiyya ta aikace yana buƙatar kayan gwaji na ainihi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023. Haƙƙinmu ne mu ci gaba da bin kadin waɗannan alkawura. Sai dai yaron da ke aji biyu a bana ba zai tsaya a aji biyu yana jiran a kammala kwangila ba. Baɗi yana aji uku, ko ya iya ɗebewa ko bai iya ba.

Mu ma masu horar da malamai muna da gyara. A wurare da dama, idan aka ce ɗalibi ya ƙirƙiro kayan koyarwa, sai ya kai wa kafinta ko mai zane kuɗi a yi masa abu mai ƙyalli, a ba shi maki, a jibge abin a lungu har gara ta cinye. Wannan kuɗin aikin hannu ne ya girma ya shiga babbar makaranta.

Abin da nake ganin za a iya yi

Da farko, cibiyoyin da ke yaye malamai a jihar nan, wato Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda mata zalla take horarwa, da Kwalejin Ilimi ta Maru, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, suna iya mayar da ma'aunin maki ya zama tambayoyi uku: ɗalibi da hannunsa ya yi? Nawa ya kashe? Yara sun gane darasi da shi? Wanda ya fi arha kuma ya fi aiki shi ya fi maki.

Na biyu, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su hana karɓar kuɗi ko abin kasuwa a madadin aikin hannu. A yi aikin a cikin makaranta, a gaban malami.

Na uku, kwamitocin kula da makarantu su gayyato masu sana'ar unguwa, maginiyar tukunya da masaƙin tabarma da maƙerin gwangwani, ko sau ɗaya a zango, su koyar a kuma girmama su. Tara kayan ya zama aikin iyaye da yara, kada a ɗora wa aljihun malami.

Na huɗu, kowane aji ya sami buhu ko akwati ɗaya na ajiyar katunansa da ɗaurin karansa. A yankin da ake iya rufe makaranta ko a ɗauke ta dare ɗaya, kayan koyarwar da ke shiga buhu su ne masu bin yara duk inda suka koma, ko gindin bishiya ne.

Na biyar, a riƙa yin bajekolin shekara-shekara a Gusau da Tsafe da Bungudu, bayan an kawar da amfanin gona, malamai su nuna wa juna abin da suka ƙera, gidajen rediyonmu su yaɗa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kasafin kuɗi na musamman. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kaka mai zuwa, kafin a cinna wa kara wuta, kowane shugaban makaranta ya roƙi maƙwabcinsa manomi dami ɗaya. Zai ishi ajin farko lissafin shekara guda. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci 'ya'yanmu da ilimi mai amfani.